Ƙwan Zabin Matan Gangara

Shafi na 23

Masu zagin Lurwanu a ƙarƙashin shafin da ya wuce, na ga saƙonninku duka. Har wata ta rantse in ta gan shi a kasuwar Gazawa sai ta watsa mashi kunu mai zafi. To ku gyara zama, in mun gama sai mu ga wa zai ba wani haƙuri.

Ga wadda ta shigo yanzu: Asama'u ce ta mayar da tsohon firigo, wato firji, ya zama injin ƙyanƙyasa a ɗan shagonta na Gazawa. Matan Gangara suka tattara ƙwan zabinsu na bana kaf suka ba ta amana, maimakon su sa ma kaji su kwanta kamar yadda aka saba. Sai ga shi ta kama Lurwanu, direban da za ta aura, durƙushe a kan batiranta bakinsu duk a buɗe. Danginshi dama sun sha cewa in an yi aure sai ta rufe shago. Ta tambaye shi, ya ƙi cewa komai. Ta kore shi.

*

Ƙii… ƙii… ƙii…

Asama'u ta saki tsintsiyar da ke hannunta.

Kombatisa ce ke kuka, ɗan akwatin nan da ke juya wutar batir ya tura ma inji. Ba ta yin wannan kukan sai in batir ya zo gargara.

"A'a. A'a, don Allah, ba yanzu ba."

Tun jiya iska ta kayar da turakun kuran, wato wutar lantarki, a bayan gari, kuma ba wanda ya san ranar da za a tashe su. Amma ai don irin wannan ranar ta ajiye manyan batiran nan biyu. Da lafiyarsu, sai su riƙe mata inji har gobe da yamma. Yanzu ko azahar ba a kira ba.

Ta leƙa ta ɗan gilashin da ta manna a ƙofar firigon. Ƙwan fitilun da ke ɗumama ciki sun koma ja, kamar garwashin da toka ta fara rufewa. Fanka na juyawa da ƙyar. A ƙasa ga ƙwai nan jere, kowanne da alamar mai shi, wani gawayi, wani shuni, wani ɗigon lalle.

Ta kara kunnenta a jikin ƙofar.

Tsiyu… tsiyu…

Suna kuka daga cikin ɓawo. Yau ko gobe za su fito. Ga garin ya yi sanyi, yayyafi bai tsaya ba tun asuba, iska mai laima na shigowa ta ƙasan ƙofa. In zafin nan ya sauka ya daɗe, a cikin ɓawon za su mutu. Zabi kuwa sun kusa daina ƙwai. Sai baɗi.

"Salamu alaikum! Ina uwar zabi?"

Asama'u ta juyo.

Iya Maryama ce, shugabar matan Gangara, wadda ta bi gida gida tana cewa a yarda da yarinyar nan, ita ta tsaya mata. Yau kasuwa, sun zo a amalanke. Bayanta mata ne, kowace da kwando a ka, an shimfiɗa ƙaiƙayi a ciki an rufe da tsumma.

"Mun ce bari mu zo da kwandunanmu, ko Allah zai sa mu koma da 'yan baƙi," in ji Iya Maryama tana dariya. "Ni har suna na raɗa ma na farin. Ke, lahiya? Wanga kukan na mi ne?"

"Iya… batir ne."

"Batir ya yi mi?"

"Yana mutuwa."

Dariyar ta tsaya a fuskar tsohuwar. Ta sauke kwandonta a hankali.

"Ba ke kika ce mani ko an ɗauke kuran akwai abin da ke riƙewa ba?"

"Ni na ce."

"A gaban mata kika hwaɗa. A gaban mazanmu da ke mana dariya."

"Na sani, Iya."

Wata daga baya ta ce, "Ni dai kazata tana kwanci na ɗage ta na kwashe ƙwan na kawo. Mijina sai da ya ce zan yi kuka."

"Ki yi shiru, Zahra'u," in ji Iya Maryama.

Ana haka labulen da ya raba shago da cikin gida ya ɗaga. Inna Cima ce, mahaifiyar Asama'u, riƙe da tukunyar ruwan zafi da ta samu ta dafa da jiƙaƙƙen kara, idanunta sun yi ja don hayaƙi.

"Auta, ga ruwan da kika ce a zuba cikin kwalabe don ɗumama ƙwan. Lale da mutanen Gangara! Ku zauna mana. Mi ya sa duk kuka yi cirko-cirko?"

"Inna, ruwan zafi ba zai kai mu ko'ina ba. Itace duk ya jiƙe. Batiran sun ƙi."

Inna Cima ta ajiye tukunya, ta dafa kafaɗar ɗiyarta, ta yi murmushin nan nata mai kwantar da hankali.

"Haba Auta. Kwantar da ranki. Waɗanga batiran ba abin da zai same su da yardar Allah. A tsare suke. Ni da hannuna na shayar da su."

Asama'u ta ɗago.

"Kika shayar da su mi?"

"Rubutu mana. Tun da mutane suka fara zancen shagon ga, wai ɗiyar Cima ta yi injin da ya hi kaza, na ce bakin mutane ba alheri ba ne. Na je aka yi mani rubutu, na wanko da ruwan rijiyarmu. An ce in yayyafa a kan abin sana'a. Ni kuwa na ga kina buɗe masu baki kina ba su ruwa, na ce ai gara su sha ya shiga jikinsu. Duk Juma'a in kin tahi gaida kakarki sai in cika su taf, har ya zubo."

Kombatisa kaɗai ke kuka.

Asama'u ta durƙusa. Ta murɗe marfi ɗaya, ta tsoma tsinken tsintsiya, ta zaro.

Baƙi ƙirin. Ga kaurin ƙaro da tawada.

Batir ba ya shan komai sai tataccen ruwansa, wanda ko ƙura ba ta taɓa ba. Ta sha faɗa ma kowa haka. Kowa, ban da Inna. Ina za ta kawo a ranta cewa Inna, wadda ko rediyo ba ta kunnawa da kanta, za ta kusanci batir?

"Inna," ta ce, muryarta can ƙasa, "akwai wanda ya gan ki?"

"Babu. Au, sai yaron nan naki, Juma'ar da ta wuce. Ya yi sallama ya shigo ya iske ni ina zubawa."

"Mi ya ce?"

"Mi zai ce? Ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe ni, kanshi a ƙasa, ya juya ya hita. Yaro mai kunya, wallahi. Ban san abin da ya haɗa ku ba har kika…"

Ba ta ƙarasa ba. Ta ga fuskar ɗiyarta. Ta dubi tsinken. Ta dubi Iya Maryama, wadda ta kawar da kai ta rufe baki da gefen mayafi.

"Auta."

Asama'u ta sunkuyar da kai.

"Auta, dube ni. Ni ce?"

"Inna, ba ki sani ba."

"Ban tambaye ki ko na sani ba. Ni ce na kashe su?"

Hawayen da Asama'u ke dannewa suka zubo. Ai kuwa sai Inna Cima ta zube a ƙasa dirshan.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tsari na nema maki, ɗiyata. Wallahi tsari na nema maki…"

Iya Maryama ta tsuguna ta rungume ta. Ta ɗaga kai ta dubi Asama'u.

"Kuka ba zai ɗumama ƙwai ba. In akwai inda za ki, tashi ki tahi. Mu za mu riƙa sa kwalaben."

Asama'u ba ta tsaya neman takalmin kirki ba. Ta fice.

*

Kasuwa ta cika da taɓo. Ta ratsa rumfar masu gishiri, ta ratsa 'yan awaki, silifas ɗinta ɗaya ya maƙale a laka ta bar shi nan. Mutane na kallonta, ba ta ganin kowa.

A tasha ta hango kamyon da Lurwanu ke tuƙawa, babbar motar kaya ta maigidanshi Alhaji Falalu. An riga an yi lodi, awaki a sama suna kuka cikin yayyafi, buhunan ɗanyen tattasai a ƙasa, fasinja sun fake ƙarƙashin tamfol suna jiran a tashi zuwa Maraɗi. Shi kuwa yana zaune a matakin mota, ya zuba ma ƙasa ido. Ya rame. Kai, soyayya ba ta da tausayi.

"Lurwanu."

Ya miƙe zumbur. Ya dubi ƙafarta mara takalmi.

"Mi ya faru? Wa ya taɓa ki?"

"Mi ya sa ba ka faɗa mani ba?"

Ya kawar da kai.

"Da kai nake! Na ce maka macuci. Na ce maka danginka ne suka turo ka ka kashe mani sana'a. A gaban mutane na faɗa! Ka tsaya kana kallona kamar gunki. Mi ya sa?"

"In ce maki mi?"

"Gaskiya!"

"In buɗe baki in ce uwarki ce? Ni? Matar da ko ido ban taɓa haɗawa da ita ba?" Ya girgiza kai. "Asama'u, da na gan ta tana zubawa, harshena ne ya mutu. Addu'a take yi maki tana zubawa. Na ji da kunnena. Ta ya zan ce mata Inna tsaya, ɓarna kike yi?"

"To mi ka koma yi a kansu?"

Ya sa hannu a aljihu ya fiddo babban sirinji, irin na allurar shanu, bakinshi ya yi baƙi.

"Na ce ko zan zuƙe ruwan in sake masu wani kafin ki gane. Sai kika shigo."

"Ka gwammace in tsane ka?"

"Ni in kin tsane ni, ina da mota, in tafi Maraɗi in yi kukana a hanya. Ita ina za ta? Ɗaki guda kuke kwana."

Asama'u ta rufe fuska da tafukanta. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ta shige.

"Ka yafe mani."

"Bar wannan. Mi ya fito da ke haka?"

"Sun mutu, Lurwanu. Batiran sun mutu. 'Yan zabin suna kuka cikin ɓawo, ina jin su. Matan Gangara na shago da kwandunansu. Na bi ta wajen mai cajin waya, nashi ma sun sauka tun jiya. Ban san inda zan sa kaina ba."

Lurwanu ya juya a hankali ya dubi gefen motar, inda akwatin ƙarfe yake, mai ɗauke da batiran kamyo guda biyu.

Ta gane.

"A'a. Lurwanu, a'a. Ka tambayi Alhaji tukuna."

"Ya tafi Gangara gaisuwar mutuwa, wayarshi a kashe. Sai la'asar."

"To ka jira shi."

"'Yan zabin za su jira?"

"Zai kore ka! Mutumin da ko kilen kwance noti ba ya ba da aro?"

"Ya kore ni."

Ya buɗe akwatin kayan aiki ya ɗauko kile. Wani fasinja ya leƙo daga tamfol.

"Kai direba, mi kake kwancewa? Ba tahiya za mu yi ba?"

"Gyara ne, baba."

"Gyaran mi? Motar da ta zo da ƙahwarta?"

Lurwanu ya kwance, ya ciccibo na farko, jijiyoyin wuyanshi duk sun tashi, ya aza a baron wani mai dako. Ya ɗauko na biyu. Fasinja suka fara hayaniya. Mai awaki ya diro yana ihu.

"Ɓarawo! Jama'a, direba na sace batirin mota da rana tsaka!"

"Tura mu tafi," in ji Asama'u, ta kama hannun baro ɗaya.

Haka suka ratsa kasuwar Gazawa, shi da hannu ɗaya ita da ɗaya, taya na nutsewa suna cirowa, laka har gwiwa. Sau ɗaya kawai kafaɗarta ta gogi tashi, duk suka kawar da kai.

*

Da suka iso, kombatisa ta daina kuka. Ta mutu gaba ɗaya. Cikin firigon duhu ne.

Matan sun yi jugum. Iya Maryama na riƙe da kwalbar ruwan da ta riga ta huce. Inna Cima na lungu, ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ta ji muryar Lurwanu sai ta ƙara dunƙulewa.

Shi ma, da laka da gumi da komai, sai da ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya rusuna.

"Ina wuni, Inna."

Ta ƙara jan mayafi a fuska. Kafaɗunta ne kawai ke rawa.

"Miƙo mani jar wayar," in ji Asama'u.

Ta kwance matattun, suka ja su gefe, suka jera na motar. Yatsunta na santsi, noti ya kuɓuce mata ya faɗi, ta lalubo.

"A hankali," ya ce.

"Ba lokacin a hankali."

Ta ɗaure ja, ta ɗaure baƙa. Ta yi bisimilla ta danna.

Fitilu suka kawo, rawaya shar. Fanka ta ɗauka.

Asama'u ta kara kunne a jikin ƙofar firigon.

Shiru.

"Ya Allah," ta ce. "Ya Allah, ba don ni ba."

Ta daɗe a haka, kuncinta manne da ƙarfe, har ƙarfen ya fara ɗumi. Matan na ta salati ƙasa ƙasa. Aka kira azahar aka idar, ba wanda ya lura.

Tsiyu.

Ta buɗe ido.

Tsiyu… tsiyu… tsiyu…

"Suna nan! Iya, suna nan da rai!"

Iya Maryama ta ture ta ta leƙa gilashi. Can a layin gaba, wani ƙwai mai ɗigon lalle ya motsa. Ɓawon ya ɗaga kaɗan, ɗan baki ya leƙo, jiƙe, yana buɗewa yana rufewa.

"Nawa ne! Mai lalle nawa ne! Wallahi Ɗan Baƙo ne!"

Zahra'u ta rangaɗa guɗa. Matan suka rungume juna suna kuka suna dariya. Asama'u ta waiwayo ta dubi Lurwanu, shi ma ita yake kallo, idanunshi sun cika. Duk maganar da ba su taɓa yi ba tana cikin wannan kallon.

"Ga su nan."

Guɗar ta yanke.

Alhaji Falalu ne tsaye a ƙofa, babbar rigarshi ta jiƙe, bayanshi jandarma biyu da mai awaki. Ashe wani ya hau moto, wato babur, ya bi shi har Gangara.

"Ga batirina, ga kuma wanda ya ɗauke su."

Lurwanu ya matso ya durƙusa.

"Alhaji, ni na kwance. Ba wanda ya sa ni. Ka yi mani duk abin da za ka yi, amma ka bar su zuwa gobe."

"Zuwa gobe? Lurwanu, tun kana yaron mota nake riƙe da kai. Ni za ka tozarta a tasha?"

Iya Maryama ta sa baki. "Alhaji, ka dubi Allah. Ƙwan mata ne, amana ce a hannun yarinyar ga."

"Iya, na kan motata mi ne? Awakin mutane na tsaye cikin ruwa tun hantsi. Tattasai na ruɓewa. Akwai mace da jinjiri ƙarƙashin tamfol. Su ba amana ba ne? Ko tawa amanar ce ba ta da kuka?"

Iya Maryama ta ja baya.

Babban jandarman ya dubi batiran, ya dubi firigon, ya sauke murya.

"Malama, an kawo ƙara. Mu dai abin da mai kaya ya ce shi za mu bi."

Sai ga Inna Cima ta rarrafo daga lungu, ta yaye mayafi daga fuskarta.

"Ku tahi da ni. Ni ce mai laihi. Yaron ga rufa mani asiri ya yi."

"Inna, don Allah ki koma," in ji Lurwanu, kanshi a ƙasa.

Alhaji Falalu ya daɗe yana kallonsu. Ya share ruwan da ke fuskarshi. Sannan ya juya wajen Asama'u.

"Ke ce mai shago. To ke za ki yanke. Ki kwance mani batirina yanzu da hannunki, in janye ƙara, ya hau mota mu tafi kamar ba a yi ba. Ko kuwa ki riƙe su har zabinki su gama fita, ni in nemi wata mota in sauke kayan mutane, shi kuma waɗannan su tafi da shi, kuma wallahi ba zan janye ba."

"Kar ki taɓa su," in ji Lurwanu.

"Yi mani shiru," in ji Alhaji.

"Asama'u, dube ni. Kar ki taɓa."

Ta dubi matan Gangara, kowace rungume da kwandonta. Ta dubi Iya Maryama, tsohuwar ta sunkuyar da kai ta ƙi haɗa ido da ita. Ta dubi ankwar da ke rataye a ƙugun ƙaramin jandarman. Ta dubi hannayen Lurwanu, da ruwan batir ya ƙona ranar da ta kore shi, sai yanzu ta ga tabon.

A cikin firigo, ƙwai na biyu ya tsage.

Asama'u ta sunkuya ta ɗauki kile.

Mu haɗu a shafi na gaba.